Ruwan da Ya Rakiya Ta Surka

Tun dawowar sojoji daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, duk Bahaushiyar da ta haihu a unguwar Hausari ta Yerwa ta san hannun Ya Rakiya, kuma ba ta ƙara mantawa da shi ba. Ba ungozoma ba ce, kada wani ya ɗora mata aikin da ba nata ba. Ita ba ta yanke cibi, ba ta binne mabiyiya. Sai an gama duk wannan, an share ɗaki, sannan a aika mata. Aikinta wankan jego ne, safe da la'asar, kwana arba'in cif, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa ko da 'yar limami ce.

Ka gan ta tafe da damin ganyen darbejiya a ka, gajeruwa, baƙa, zani ɗaure a ƙirji, tana faɗa tun daga zaure. Itacen da aka saya ɗanye ne. Tukunyar ƙarama ce, ko jinjiri ba za ta wanke ba. Maigidan marowaci ne. Sai ta gama wanke mutanen gida tas da baki, sannan ta durƙusa ta hura wuta. In ruwa ya tafasa yana tsalle, ta juye a kwatarniya, ta zaunar da mai jego a kan turmi, ta tsoma ganye ta fyaɗa mata a baya, a ƙugu, a ciki, tana dannawa, tururi ya rufe su duka biyu. Wadda ta yi ihu kuwa ta shiga uku, don kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa 'yar gidan wane raguwa ce. Saboda haka mata suka koyi cije leɓe. Suna zaginta a ɓoye, amma ranar arba'in sai ka ga mace ta fito fes, fata na sheƙi, nono cike, kowa na cewa ai hannun Ya Rakiya ne.

Hannun nan abin kallo ne. Ya yi kanta, ya bushe, ya yi kauri kamar ƙirgin da aka manta a rana. Da shi take sauke tukunya daga murhu, ba tsumma. In wutarta ta mutu, ta leƙa gidan maƙwabciyarta Ladi mai ƙosai ta ɗebo garwashi a tafin hannu, ta tsaya ma a ƙofa suna gaisawa. Matan Barebari, waɗanda su ne suka laƙa mata "Ya" ɗin nan na girmamawa har ya bi ta, sukan taru suna dariya, suna cewa Afuno, wato Hausawa, dai ba su san ciwon jikinsu ba. Ita kuma ta ce musu in sun isa su miƙo nasu hannun. Tana alfahari da abin, ba ta ɓoyewa.

Asalinta mutuniyar Kano ce. Mijinta Ya'akubu baduku ne, ya ɗauko ta suka kamo hanyar Makka a ƙasa tare da ayari. Da suka iso Yerwa cikinta ya tsufa, aka ce su dakata ta sauka. Ta haifi tagwaye, Hassana da Usaina. Daga nan aka shiga bana, baɗi, sai yara sun yi ƙwari, sai damina ta wuce, har ƙyanda ta ɗauke Usaina, 'ya'ya uku da suka biyo baya ba wanda ya kai yaye, daga ƙarshe shi ma Ya'akubu aka kai shi makwancinsa. Makka dai ba su gan ta ba. Abin da ya rage wa Rakiya a duniya shi ne Hassana da ganyen darbejiya.

Masu cewa zafin rai ne kawai yake sa ta wannan tsanani ba su san komai ba. Tana da shekara goma sha ɗaya yayarta Gambo ta haihu a wani ƙauye, cikin damina, a gidan da ba mai kula. Itace ya ƙare a kwana na tara, aka daina wanka. Rakiya na kallo ƙafafun Gambo suka kumbura, sannan fuska, sannan numfashi ya gagara sai a zaune. Da ta mutu tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, jikin mai jego ɗanye ne, in ba a gasa shi ba ruɓewa yake yi daga ciki. Rakiya ta riƙe wannan magana kamar karatun sallah. A wurinta duk macen da ta zaunar a kan turmi Gambo ce, kuma wannan karon itace ba zai ƙare ba.

Hassana ta taso 'yar ƙarama kamar uwarta, mai shiru, mai yawan murmushi. Ta auri Abdulsalami, wani tela a Kasuwar Litinin, mutum mai sanyin hali wanda ko kallon idon surukarsa ba ya iyawa. Shekara huɗu shiru, sannan Allah ya kawo ciki. Zo ka ga Rakiya! Tun cikin na wata biyar ta fara tare masu jakuna da ke kawo itace daga wajen Konduga, tana zaɓen busasshe, tana jibgewa a rumfa har ya kai rufi. Ta sayi sabuwar tukunya. Ta tanadi kanwa da gero. Ta ce ta wanke 'ya'yan mutane fiye da yadda za ta iya tunawa, yanzu za a ga wankan da ake kira wanka.

Naƙuda ta zo da damina, shekarar da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Yerwa. Kwana ɗaya, kwana biyu, shiru. An sha rubutu, an yi turare, ungozoma ta yi iyakar iyawarta. A rana ta uku da hantsi Hassana ta daina nishi ma, sai ido kawai. Kuma a rubuta wannan a ajiye, don masu saurin yanke hukunci: Rakiya ce da bakinta ta ce a kai ta asibiti. Ungozoma na cewa a ƙara haƙuri, ita ta fita zaure kai ba ɗankwali, ta daka wa Abdulsalami tsawa ya je ya nemo mota.

A asibiti likita ya duba ya ce ƙugun ya yi wa kan ɗan kaɗan, ko shekara za a yi ba zai fito ta hanya ba, sai an yanka. Abdulsalami ya dangwala yatsa a takarda. Rakiya ta zauna a gindin wata bishiya a tsakar asibitin, ba ta ci ba, ba ta sha ba, tana tunanin yadda ake farke cikin rago ranar suna. Can bayan azahar wata nas ta fito, doguwar Inyamura mai suna Sista Modesta, ta ce da ita cikin Hausarta mai kaushi, an samu namiji, uwa da ɗa suna da rai. Rakiya ta kifa goshi a ƙasa, nan cikin taɓo.

Kwana goma Hassana ta yi a gadon asibiti. An yanka ragon suna a gida ba mai jego, ba jinjiri, aka sa wa yaro Ya'akubu. Rakiya na zuwa kullum da kunun kanwa a ƙwarya, kullum Sista Modesta na mayar da ita da shi daga bakin ƙofa. Ba su taɓa shiri ba. Rakiya ta ce matar ba ta da kunya, Modesta ta ce tsohuwar ba ta da kunne. Amma abin da ke cin Rakiya ba wannan ba ne. Tana lissafin kwanaki. Kwana ɗaya ba wanka, kwana biyar ba wanka, kwana tara. Ga ruwan sama kullum, ga tagogin ɗakin a buɗe, ga 'yarta kwance a kan gadon ƙarfe mai sanyi, ba wuta a ƙarƙashi. Tsoro ya hana ta sakat.

Ranar sallama Modesta ta kira ta, ta ɗaga rigar Hassana ta nuna mata. Ɗinki ne tun daga ƙasan cibiya har mara, an cire zare, ya bar sawu jere a gefe da gefe. Rakiya ta ga cikin mata iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wanda aka buɗe aka rufe ba. Modesta ta ce ta san al'adarsu, ta ga abin da tafasasshen ruwa ke yi wa mata, don haka ta saurara da kyau. Ba danna ciki. Ba gasawa a kan wuta. Ba ruwan zafi.

"To da me za ta yi wanka?" in ji Rakiya. "Da iska?"

"Da ruwa mai ɗumi, Mama. Wanda za ki sa hannu a ciki ki bar shi, bai dame ki ba. Kin ji? In hannunki ya zauna lafiya, shi ke nan."

Rakiya ta ce ta ji. Kuma wallahi ta ji, ta riƙe.

Aka dawo da Hassana ɗakin uwarta. Kwana biyu Rakiya ba ta taɓa ta da ruwa ba, sai goge mata jiki da tsumma, don ko mai ɗumin ma tsoronsa take ji saboda ɗinkin. Itace na nan jibge, sabuwar tukunya a kife. Mata masu zuwa barka suna kallon rumfar suna kallon juna. Wannan bai dame ta ba sosai, bakinta ya fi nasu. A rana ta uku da safe ne ta yaye zanin da Hassana ta rufa da shi, ta ga ƙafafun sun ɗan tasa. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Ta tsaya tana kallon ramin nan. Shekara arba'in da wani abu, amma ta gane shi. Haka na Gambo ya fara.

Ta fita ta hura wuta. Ba ta yi niyyar saɓa wa Modesta ba, ko kaɗan. Ta yanke shawarar raba gardama ne: za ta yi wankan don ta kori sanyi, amma da ruwan da nas ɗin ta yarda da shi, kuma ba za ta danna ciki ba. Ruwa ya tafasa da ganye, ta juye a kwatarniya, ta ɗebo na randa ta surka. A duk rayuwarta ba ta taɓa surka ruwan jego ba, har sai da ta ji kunyar kanta. Ta zuba ƙwarya ɗaya, ta sa hannu. Ta ƙara rabi don ta tabbata. Ta nutsa hannu har wuyansa, ta bar shi a ciki, ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Bai dame ta ba. A ranta ma cewa ta yi wannan ai wasan yara ne, Allah dai ya sa ya yi amfani.

Ta zaunar da Hassana a kan turmi, ta ce mata kada ta ji tsoro, an surka. Ta tsoma ganye ta ɗora a kafaɗa. Hassana ta zabura, ta kama gefen turmi, sannan ta sunkuyar da kai. Rakiya ta yi dariya, ta ce asibiti ya mayar da ita 'yar gata, ruwan da ko kaza ba zai fige ba shi take wa wannan rawar jiki. Ta bi baya, ta bi ƙugu, ta bi ƙafafu. Da ta zo kan cikin ba ta fyaɗa ba, ba ta danna ba, sai ta jiƙa ganyen sosai ta ɗora a kan ɗinkin a hankali, ta bar shi ya jima don ɗumin ya ratsa, ta sake jiƙawa ta sake ɗorawa. Hassana ta cije leɓe. Hawaye na zuba, amma a cikin tururi wa zai bambance hawaye da gumi?

Aka yi na la'asar haka. Aka yi na washegari, safe da yamma. Fatar cikin ta yi ja, ta tashi ƙananan bororo a gefen ɗinkin, Rakiya ta ce sanyin ne ke fita. Ranta ya kwanta. Har waƙa aka ji tana yi wa jinjiri, tana kiransa maigidanta, tunda sunan mijinta ya ci ba ta iya faɗa.

A rana ta uku da fara wankan, bayan an gama na safe an mayar da Hassana ɗaki, Ladi mai ƙosai ta shigo da tsummokaran jinjiri za ta taya su wanki. Ta ga sauran ruwa a kwatarniya, ta tambaya, Rakiya ta ce mata ta ɗiba ta yi amfani da shi, surkakke ne, kuma ma ya jima a ajiye. Ladi ta tsoma hannu. Ta fizge shi da salati, tana yarfewa, ta kai yatsun baki. Ladi fa, wadda ta shekara ashirin a gaban kaskon mai.

"Ya Rakiya, wannan ne kika surka?"

Rakiya ta ce Ladi ta cika raki. Ta zo ta nutsa nata hannun, ta juya shi a ciki, ta ɗago ta nuna mata. Ladi ta miƙa mata nata yatsun, sun yi jawur. Suka tsaya, kowa na kallon hannun 'yar'uwarta. Daga nan Rakiya ta sunkuya a hankali, ta tsoma gwiwar hannunta, inda fata ke da laushi, inda ruwan aiki bai taɓa kaiwa ba. Ko ƙiftawar ido ba ta iya barinta a ciki ba. Kuma wannan ruwan da ya huce ke nan.

Ta shiga ɗaki da gudu ta yaye zanin. Bororon sun fashe, fata ta saɓule, ɗinkin ya buɗe daga ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, yana fitar da ruwa mai wari. Jikin Hassana ya yi zafi rau, wannan kam ko Rakiya ta ji, don da kuncinta ta taɓa. Ta tambaye ta don Allah don Annabi me ya hana ta magana, kwana uku, wanka biyar, me ya hana ta ihu.

"Ni 'yarki ce, Inna. In na yi ihu a wanka, da wane ido za ki kalli matan unguwa?" Ta huta, sannan ta ƙara da cewa, "Kuma tun da aka yanka ni ban ga kin yi dariya ba sai ran nan."

Aka koma asibiti kafin azahar. Sista Modesta ta buɗe ciwon, ta juyo za ta yi faɗa, faɗan da duk ɗakin ke jira. Rakiya ba ta kare kanta ba. Ta miƙa mata hannuwanta biyu, tafi sama, ta ce ta yi yadda aka ce, ta sa hannu ta bar shi, bai dame ta ba. Modesta ta kama hannun, ta juya shi, ta danna kantar da farce. Ta daɗe tana kallo. Faɗan bai fito ba. Abin da ta ce kawai, da ta sani da ta ce mata ta gwada da gwiwar hannu, sannan ta juya ta tafi kiran likita tana share ido da gefen riga.

Sun yi ƙoƙari, ba wanda zai ce ba su yi ba. An wanke ciwon, an yi allurai, an ƙara ruwa. Amma mugunya ta riga ta shiga ciki. Hassana ta yi kwana shida tana fama, cikin ya kumbura, hankali na zuwa yana tafiya. Kumburin ƙafar nan kuwa da ya tayar da hankalin Rakiya, likita ya ce ba komai ba ne, yakan faru, da ya saɓe da kansa. Ranar Alhamis da la'asar, daidai lokacin da ake ɗora ruwan wanka, Hassana ta cika.

Rakiya ta rayu shekara biyar bayan haka. Ba ta sake wanke mai jego ba. An roƙe ta, an aiko mata da dattawa, ta ce a nemi wata. Itacen rumfar nan Ladi ta soya ƙosai da shi har ya ƙare. Abdulsalami bai taɓa faɗa mata baƙar magana ba, ya bar mata yaron, wata mai shayarwa a maƙwabta ta ba shi nono. Faɗanta ya mutu, kuma unguwar da ta yi shekaru tana ƙorafin bakin Ya Rakiya sai ta koma kewar sa. Wasu suka ce jahilci ne, wasu suka ce ƙaddara, kowa da abin da ya fi masa sauƙin faɗa. Ita ba ta taɓa cewa ko ɗaya ba. Ladi kuwa, in aka tayar da zancen, ba ta shiga gardamar. Abu ɗaya take ba da labarinsa, ranar da aka kawo gawar gida.

An shimfiɗa ta a bayan ɗaki, wurin da turmin yake. Tsofaffi suka ce uwa ta koma gefe, akwai masu yi, Rakiya ta ce ba wanda zai wanke mata 'ya. Aka kawo ruwa da ganyen magarya, an ɗan ɗumama shi kamar yadda aka saba. Ta durƙusa, ta naɗe zani, ta kai hannu za ta tsoma, sai ta tsaya. Ta janye hannun ta ɓoye shi a cinya.

"Ladi, zo ki taɓa mini ruwan nan."

Ladi ta taɓa, ta ce ba zafi, Ya Rakiya, da ƙyar ma za a ce da ɗumi.

"Ƙara surkawa dai," in ji Rakiya. "Ba za ta faɗa ba."